Taron 'yan tarkon duwatsun Rocky: me ake tunawa, me aka bari a baya?

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Ina karatu a Salt Lake City ta jihar Utah. A farkon watan Satumba abokan karatuna suka ja ni wani wuri da ake kira Fort Bridger a jihar Wyoming. Na tarar da dubban mutane, an kakkafa tantunan zane, maza sanye da rigunan fata suna harba bindigar toka irin ta maharbanmu, suna kunna wuta da ƙyastu, wasu sun shimfiɗa bargo a ƙasa suna sayar da wuƙaƙe da duwatsun wuya. Aka ce mini wai tunawa ake yi da taron 'yan tarko na zamanin da. Su wane ne waɗannan 'yan tarko, me ya haɗa su taro, kuma abin da na gani haka aka yi da gaske ko wasa ne kawai? Ya dace in kai iyalina baɗi?"

Amsa: Ɗan'uwa, barka kadai. In na fahimce ka, kana son sanin asalin taron, da ko kwaikwayon da ake yi yau ya yi daidai da abin da ya faru, sannan ko wuri ne da mutum zai kai matarsa da 'ya'yansa. Tarihin yammacin Amurka nake koyarwa, kuma na sha kai ɗalibai irin waɗannan taruka, don haka zan ba ka amsa daga takardu da kuma abin da ido ya gane mini. Kayan da ka gani a jikinsu da hannunsu yawanci gaskiya ne, wasu ma an yi su da ƙwarewa mai ban mamaki. Labarin da taron yake bayarwa shi ne bai cika ba. Abin da aka yi a da cin kasuwa ne da kamfani ya shirya don ribarsa. Abin da ake tunawa yau kuwa shi ne 'yancin namijin da ba shi da ubangida.

Hula ce ta kai su dutse

Dabbar da ake ɗana wa tarkon sunanta biba. Dabbar ruwa ce mai haƙoran gaba irin na gafiya, sai dai nauyinta yakan kai kilo 20, wutsiyarta faffaɗa ce, tana sare bishiya da haƙori ta datse rafi ta gina gidanta a tsakiyar ruwa. A ƙarƙashin dogon gashinta akwai wani gashi mai laushi, wanda in aka cuɗe shi da zafi da danshi yakan kama juna ya zama abu guda mai kauri, ba saƙa ba ɗinki, kuma ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Da shi ake yin dogayen hulunan da manyan Landan da Paris da New York suke taƙama da su. Turai ta kusan ƙarar da tata bibar tun da wuri, sai ido ya koma Arewacin Amurka. Kamfanin Hudson's Bay na Ingila, wanda aka ba izinin ciniki a 1670, a kan wannan fata ya ginu.

Tsohon tsari shi ne kamfani ya gina sansani a bakin kogi, 'yan asalin ƙasar su kamo bibar su kawo fata, a ba su bindiga da bargo da tukunya. A watan Fabrairun 1822 wani ɗan kasuwa kuma ɗan siyasa na St. Louis, William Ashley, wanda a lokacin shi ne mataimakin gwamnan Missouri, ya buga talla a jarida yana neman samari ɗari da za su hau kogin Missouri har mafarinsa. Abokin haɗin gwiwarsa Andrew Henry ne. Cikin waɗanda suka shiga aikinsu a shekarun farko akwai Jedediah Smith da Jim Bridger da William Sublette da Thomas Fitzpatrick, sunayen da yau za ka gani a jikin tituna da dazuzzuka da gundumomin Wyoming. Su ma da farko kogi suka bi. A watan Yunin 1823 mutanen Arikara, wata al'umma ta 'yan asalin ƙasar waɗanda cinikin kogin ke bi ta hannunsu, suka auka wa ayarin Ashley suka kashe masa mutum sama da goma. Hanyar ruwa ta toshe, dole aka koma tudu da dawaki. A 1824, bisa kwatancen mutanen Crow, su ma 'yan asalin ƙasar, Smith da Fitzpatrick suka ratsa South Pass, wata faffaɗar kafa a duwatsun Rocky da dabbar kaya ke iya wucewa ba wahala, suka faɗa kwarin kogin Green suka tarar da biba ba iyaka.

Nan dabarar Ashley ta fito. Gina sansani yana cin kuɗi, yana buƙatar masu gadi. Maimakon haka sai ya bar mutanensa su zauna a dutse shekara sukutum, shi kuma ya aiko da ayari sau ɗaya a shekara zuwa wani wuri da aka yi alkawari, a karɓi fatu a sauke kaya. Wannan haɗuwa ita ake kira Randebu. Ta farko an yi ta ranar 1 ga Yulin 1825 a bakin rafin Henry's Fork, kusa da inda ƙauyen McKinnon yake yanzu. Mutum kusan 120 suka hallara, 29 daga cikinsu waɗanda suka gudo ne daga kamfanin Hudson's Bay. Ashley ya koma St. Louis da fata mai nauyin kimanin fam 9,000, wadda darajarta ta kai tsakanin dala 40,000 da 50,000. Wani abin da masu biki ba su cika ambata ba: a wannan shekara wurin ba ƙasar Amurka ba ne. A taswira ƙasar Meziko ce, a zahiri kuma ƙasar al'ummomin Shoshone da Ute, 'yan asalin yankin.

Zaɓen watan Yuli ba son rai ba ne. Gashin biba yana kauri ne da sanyi, saboda haka ana ɗana tarko daga Satumba har ruwa ya daskare, a sake komawa in ƙanƙara ta narke har wajen watan Mayu. Da zafi fatar ba ta da daraja, 'yan tarko ba su da aiki. Ayarin alfadarai kuma ba ya iya tashi daga Missouri sai ciyawa ta fito, sannan ya yi tafiyar sama da kilomita 1,600, abin da ke cin wajen wata biyu. An yi irin wannan taro 16, daga 1825 zuwa 1840, a wurare dabam-dabam na jihohin Wyoming da Utah da Idaho na yanzu. Shida daga ciki, na 1833 da 1835 da 1836 da 1837 da 1839 da 1840, an yi su ne a inda rafin Horse Creek ya haɗu da kogin Green, kusa da ƙauyen Daniel.

Wa ya ci riba?

A nan nake son ka tsaya, domin nan ne bikin yau ya fi yin shiru. Ɗan tarko ya kwashe watanni yana shiga ruwa mai ƙanƙara har gwiwa, safe da yamma, yana ɗana tarkon ƙarfe a ƙarƙashin ruwa, yana shafa wa ɗan tsinke wani mai wari da ake cirowa daga jikin bibar don ya jawo 'yan'uwanta. Ya feɗe, ya shanya fata a kan zoben reshe, ya ɗaure. In ya zo Randebu mai saye da mai sayarwa mutum ɗaya ne. Madugun ayari shi ke yanka kuɗin fata, wajen dala 3 kowane fam a shekarun farko, kuma shi ke yanka kuɗin albarushi da dalma da taba da sukari da gahawa da tarko, a kan ninkin-ba-ninkin abin da ya saye su a St. Louis. Babu wani shago kusa. Sai kuma barasa, wadda ake kawowa tsantsa a sirka ta da ruwan rafi a sayar da tsada. A 1832 majalisar Amurka ta haramta shigar da barasa yankunan 'yan asalin ƙasa, amma ayarin bai fasa ɗauko ta ba. Ga caca, ga sukuwar dawaki da ake sa kuɗi a kai. Da yawa sukan bar wurin aljihu wayam, da bashin kayan shekara mai zuwa a wuyansu, kamar manomin da ya ci bashi da damina a kan hatsin da bai girba ba.

Ka dubi yadda manyan suka yi, sai ka gane inda kuɗin yake. A taron 1826 Ashley ya sayar da harkar tarko ga Smith da David Jackson da William Sublette, amma ya riƙe harkar kawo kaya. Ya yi arziki, ya shiga majalisar wakilan Amurka a 1831. A 1830 su ukun su ma suka sayar wa wasu biyar, cikinsu har da Bridger da Fitzpatrick, waɗanda suka kafa kamfanin Rocky Mountain Fur, William Sublette kuma ya koma kawo musu kaya. Cikin shekara huɗu bashi ya cinye kamfanin. Da suka nemi mafita suka ƙulla yarjejeniya da wani ɗan kasuwar Boston, Nathaniel Wyeth, ya kawo musu kaya da sauƙi a taron 1834 na Ham's Fork, sai Sublette ya yi sauri ya riga shi isa, ya tuna musu bashinsa, suka warware alkawarin da suka yi da Wyeth. Wyeth ya kwashi kayansa ya wuce bakin kogin Snake ya gina Fort Hall don haushi. Bayan nan harkar ta koma hannun kamfanin American Fur, wanda John Jacob Astor ya kafa, shi kuwa Astor a wannan shekara ta 1834 ya zare hannunsa daga cinikin fata da dukiyarsa cif.

Idan na kai ɗalibai taron, kafin mu tashi nakan ba su kwafin jerin kayan da ayari ya ɗauka, in ce su karanta layi-layi. Abin da ke fara ba su mamaki shi ne yawan yadi da duwatsun wuya da madubai da allurai da jan gari na kwalliya. Nakan tambaye su: ɗan tarko mai gemu ne zai sayi wannan duka? Daga nan suke gane cewa yawancin masu cin kasuwar ba Turawa ba ne.

Su wa suka cika filin

A taron 1832 na Pierre's Hole, a kwarin Teton na Idaho, an ƙiyasta 'yan tarko kusan 400, tantunan Nez Perce sama da 100, na Flathead kusan 80, kowane tanti da iyali a ciki, dawaki kuma dubbai. A tarukan kogin Green mutanen Shoshone ne suka fi yawa, da Bannock da Ute. Su suka zo da dawaki da busasshen nama da jemammiyar fata da takalma, kuma tun kafin Ashley suna da nasu tarukan ciniki na shekara-shekara a yankin. Ba 'yan kallo ba ne, 'yan kasuwa ne masu sanin farashi, kuma ba tare da yardarsu ba babu ɗan tarkon da zai kwana lafiya a ƙasarsu.

Su kansu 'yan tarkon ba iri ɗaya ba ne. Da yawa 'yan Kanada ne masu jin Faransanci, akwai ruwa-biyu, akwai Iroquois da Delaware daga gabas, akwai 'yan Meziko daga Taos. Sunan Pierre's Hole ma daga wani ɗan tarko ɗan Iroquois aka samo shi. Akwai baƙaƙen fata, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne Jim Beckwourth, da aka haifa cikin bauta a Virginia, ya zauna shekaru cikin mutanen Crow, kuma har yau akwai wata kafa a duwatsun Sierra Nevada da ke ɗauke da sunansa. Sai mata. Hoton ɗan tarko shi kaɗai da dokinsa a tsakiyar daji ƙirƙira ce ta baya. A ƙungiya suke tafiya, wani lokaci mutum hamsin ko fiye, da mata da yara. Matan, 'yan asalin ƙasar ne, su ke gyara fata, su ɗinka tufafi, su kafa tanti, su yi tafinta, kuma auren ne ke ba mijin dangi da kariya a ƙasar da ba tasa ba. Bridger ya yi aure uku a jere: 'yar Flathead, 'yar Ute, sannan 'yar Shoshone. Matar farko ta wani shahararren ɗan tarko, Kit Carson, 'yar Arapaho ce.

Ba kullum ake rabuwa lafiya ba. Da aka watse daga taron 1832, wata ƙungiyar 'yan tarko ta ci karo da mutanen Gros Ventre masu ƙaura da iyalansu. Wani shugabansu ya fito da lofen sulhu a hannu, aka harbe shi, aka wuni ana faɗa, mutane suka mutu ta kowane ɓangare. A 1837 kuma jirgin ruwan kamfanin American Fur ya hau kogin Missouri da masu ciwon agana a ciki. Mutanen Mandan suka ragu daga sama da 1,500 zuwa ƙasa da 150, Blackfeet ma suka yi mummunar asara. Wannan ba a filin Randebu ya faru ba, amma cinikin fatar nan ne ya kawo shi.

A shekarun ƙarshe baƙi na dabam suka fara biyo ayarin. A 1835 likitan mishan Marcus Whitman ya ciro wa Bridger kan kibiya da ya shekara uku a bayansa, jama'a na kallo. A 1836 matarsa Narcissa da Eliza Spalding suka zama Turawa mata na farko da suka ratsa South Pass. A 1837 wani attajirin Sikotilan, William Drummond Stewart, ya zo da mai zane Alfred Jacob Miller, ya kuma kawo wa Bridger tsarabar sulke. Ranar 5 ga Yulin 1840 Fada De Smet ya jagoranci ibadar Katolika a wani tudu kusa da Daniel, kuma a ayarin wannan shekara akwai iyalin Joel Walker, waɗanda noma ya kai su Oregon ba fata ba.

Ƙarshen harkar bai ɗauki lokaci ba. Hular siliki ta shigo yayi, masu yin hula suka samu gashi mai araha daga wata dabbar Kudancin Amurka, bibar kuma ta yi ƙaranci. Ƙarancin ma da gangan aka jawo wani sashensa, don kamfanin Hudson's Bay ya sa mutanensa su ƙarar da bibar yankin kogin Snake saboda kada Amurkawa su ga abin zuwa. Ciniki ya koma fatar bauna, wadda 'yan asalin ƙasa ke kaiwa sansanoni irin su Fort Laramie. Wasu 'yan tarkon suka koma noma a Oregon, wasu suka zama jagororin 'yan ƙaura da sojoji. Wurin da ka je, Fort Bridger, ba a taɓa yin Randebu na asali a cikinsa ba. Bridger da Louis Vasquez sun gina shi a 1843, bayan an daina taron, don sayar wa 'yan ƙaura kaya da gyara musu amalanke.

Yadda aka fara tunawa

Mutanen gundumar Sublette, inda Daniel take, su suka fara wasan kwaikwayon taron a 1936, kuma har yanzu ana yinsa kowace shekara a garin Pinedale, a ƙarshen mako na biyu na Yuli, mutanen gari bisa dawakansu. A garin ne aka buɗe gidan tarihin mutanen dutse a 1990, inda za ka ga bindigar Bridger da tarkuna da takardun ciniki na ainihi. A Riverton ana yin nasu a filin da aka yi taron 1838. Na Fort Bridger, wanda ake yi a hutun ranar ma'aikata ta Amurka a farkon Satumba, yana cikin mafi girma a ƙasar. Ban da waɗannan akwai ƙanana barkatai har a jihohin da ɗan tarkon Rocky bai taɓa taka su ba.

Jijiyarsu ta biyu ita ce sha'awar bindigar ɗuri. A 1933 aka kafa ƙungiyar masu harbin irin wannan bindiga ta ƙasa, mai cibiya a Friendship ta jihar Indiana. A shekarun 1970, da fina-finai da kuma bikin cikar Amurka shekara 200 a 1976, abin ya bunƙasa, mutane suka tashi daga gasar harbi kawai zuwa ɗinka tufafi da kwana a tanti. Dokar da yawancin sansanonin ke bi ita ce kada a ga wani abu a fili da aka ƙirƙira bayan 1840. Ba roba, ba zif, ba tocilan. Mai akwatin ƙanƙara yakan rufe shi da bargo ko ya sa shi cikin akwatin katako.

Me ya sa suke yi? A hirar da nake yi da su, amsar da ta fi yawa ita ce gajiya da rayuwar agogo da kwamfuta. Makanike ne, ko malamin makaranta, ko tsohon soja, yana son mako guda da zai ci abin da ya dafa a wutar da ya kunna da hannunsa. Ga garuruwa irin su Pinedale, mai mutum kusan 2,000, akwai kuma batun baƙi da ciniki. A ƙarƙashin duka akwai labarin da Amurka ke son ba kanta, na mutumin da ya shiga daji shi kaɗai ya tsaya da ƙafarsa.

Inda suka dace, inda suka kauce

Ta fuskar sana'ar hannu ina girmama su ƙwarai. Akwai maƙeran da ke ƙera kunamar bindiga daga ɗanyen ƙarfe, akwai majema masu jima da ƙwaƙwalwar dabba da hayaƙi kamar yadda matan Shoshone suke yi, akwai masu ɗinki da jijiya. Wasunsu sun fi malaman jami'a sanin irin yadin da aka kai dutse a 1834, kuma masu binciken tarihi suna amfana da su. Ɗalibin da ya yi rabin sa'a yana fama da ƙyastu cikin iska, ko ya ɗaga tarko shida da sarƙoƙinsu ya ji nauyi, ya fahimci abin da karatu ba zai ba shi ba. Na ga yadda ɗalibai ke sauya yadda suke karanta takardun zamanin bayan sun ga tsawon lokacin da ɗura bindiga ɗaya ke ci.

Ƙananan kurakurai suna nan. Gemun da ya cika sansanin ya fi na asali yawa, don a zanen Miller 'yan tarko da dama ba su da gemu. Rigar fata mai tuntaye daga sama har ƙasa ta fi yawa a yau, alhali takardun ciniki sun nuna suna sayen rigunan auduga da na ulu duk lokacin da suka samu. Bindigar Hawken da kowa ke rataye da irinta ba ta yawaita ba sai wajen ƙarshen zamanin. Shi kansa Miller sau ɗaya ya je dutse, kuma zanensa 200 da ke gidan tarihin Walters a Baltimore ya yi su ne bayan shekara ashirin, daga tsofaffin zayyane-zayyanensa, ga mai kuɗin da ke son abu mai kyan gani. Duk waɗannan ba sa damuna sosai.

Abin da ke damuna shi ne an juya adadin. A da 'yan asalin ƙasar ne suka fi yawa, yau kusan kowa Bature ne, kuma a tarukan da yawa za ka ga Bature ya shafa fenti ya sa gashin tsuntsu yana kwaikwayon su. Jikokin waɗanda aka ci kasuwar a ƙasarsu suna nan da rai, Shoshone ta Gabas da Arapaho ta Arewa suna zaune a keɓaɓɓen yankin Wind River, wanda aka ware ta yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Fort Bridger ɗin nan a 1868. Wasu tarukan suna gayyatar masu rawa da masu jawabi daga cikinsu, kuma wannan ci gaba ne. Ni ba ɗan Shoshone ba ne, ba zan ari bakinsu in ci musu albasa ba. Waɗanda na zanta da su ra'ayinsu ya bambanta, wani yana zuwa yana sayar da aikin hannunsa yana jin daɗi, wani ko hanyar ba ya bi. Iyakacin abin da zan ce a matsayina na malamin tarihi shi ne, taron da babu bashi a cikinsa, babu agana, babu ƙasar da aka rasa daga baya, bai nuna maka 1830 ba. Hanyar South Pass da aka buɗe don fata ita ce dubban ɗaruruwan 'yan ƙaura suka bi zuwa Oregon da California da Utah cikin shekara talatin da suka biyo baya.

Ita ma bibar tana da nata kason asarar. Inda aka ƙarar da ita madatsunta suka rushe, rafuka suka zurfafa suka bar fadamu suka bushe. Shi ya sa yanzu ake mayar da ita da gangan. A 1948 ma jihar Idaho ta sauke biba 76 a daji da laimar jirgin sama, cikin akwatunan da ke buɗewa in sun taɓa ƙasa.

Ka kai iyalinka?

Ka kai su. Da rana wurin na iyali ne, yara suna jin daɗin ganin maƙera da gasar jifa da gatari, kuma mutanen suna son mai tambaya. Shawarata ita ce ku je da safe ku tashi kafin dare, don bayan magariba wasu sansanonin sukan koma shaye-shaye. Ku tafi da abincinku, naman alade yana shiga girkinsu da yawa, har a wake da soyayyen burodi. Tantin mutum gidansa ne, ba a leƙawa sai an yi sallama an ce a shigo, ba a taɓa bindiga ko wuƙa sai da izini, hoto ma a tambaya, musamman lokacin rawar 'yan asalin ƙasa.

Fort Bridger tafiyar wajen awa biyu ce daga Salt Lake City. In kana da hali, na fi so ka je Pinedale a watan Yuli, tafiyar kusan awa huɗu, ka fara da gidan tarihin kafin wasan, sannan ka ƙarasa Daniel ka ga filin da aka yi taro shida a cikinsa. Garin yana sama da mita 2,100 daga teku, rana tana ƙuna, dare kuma yana sanyi ko a tsakiyar Yuli, don haka a ɗauki rigunan sanyi da ruwan sha mai yawa. Akwai kuma kudancin tafkin Bear Lake da ba shi da nisa da kai, inda aka yi tarukan 1827 da 1828, yanzu wurin shaƙatawa ne da ake kira Rendezvous Beach.

Wajen sayayya ka buɗe ido. In aka ce maka abin wuya ko jaka aikin ɗan asalin ƙasa ne, ka tambayi sunan mai aikin da al'ummarsa, domin tun 1990 akwai dokar tarayya da ta haramta sayar da kaya da wannan suna in ba haka ba ne. Kada ka sayi gashin gaggafa ko a kyauta aka ba ka, riƙe shi laifi ne ga wanda ba shi da izini. Albarushi kuma ba ya hawa jirgin sama, ko a jakar hannu ko a ta kaya, in ka yi niyyar kai tsaraba gida.